Birtaniya da Koriya: Yadda Zumunci Ya Tsinke, Aka Sake Ƙulla Shi

Jama'a masu karatu, a wannan watan za mu ɗan yi nisan kiwo, mu leƙa gabashin duniya, mu duba wata hulɗa da ba a cika ba da labarinta a zaurukanmu ba, watau hulɗar da ke tsakanin mutanen Birtaniya da mutanen Koriya. Turawan Ingila dai mun san su, don sun yi mulki a ƙasashenmu da dama. Koriya kuwa yawancinmu ba mu san ta ba sai ta motocin Hyundai da Kia da ke jigilarmu a tituna, da wayar Samsung da ke cikin aljihunmu. Amma waɗannan ƙasashe biyu, ɗaya a ƙarshen Turai ta yamma, ɗaya a ƙarshen Asiya ta gabas, sun yi shekara 140 da ɗoriya suna cuɗanya, an sha zuma an kuma sha maɗaci. Abin da ya ja hankalinmu a labarin shi ne, a lokacin da gwamnati ta juya baya, ɗaiɗaikun mutane ne suka riƙe amana, kuma su ne mutanen Koriya suke tunawa har gobe.

Yadda aka fara

Tun a shekarar 1797 wani jirgin ruwan sojan Ingila, ƙarƙashin Kyaftin William Broughton, ya yada zango a gaɓar Busan, a kudancin Koriya. A zamanin nan ƙasar tana hannun gidan sarautar Joseon, wanda ya rufe ƙofa ya hana baƙi shiga, in ban da 'yar hulɗar da ake yi da Sin da Japan. Aka yi ta magana da hannu don babu mai jin harshen wani, daga bisani baƙin suka kama hanyarsu. A 1816 wani kyaftin ɗin mai suna Basil Hall ya bi ta gaɓar yamma, shi ma ƙofar a rufe ya tarar da ita.

Sai da aka ƙara shekara 60 kafin ta buɗe. Japan ce ta fara tilasta wa Koriya sa hannu a yarjejeniyar ciniki a 1876, Amurka ta biyo baya a 1882. Sa'an nan ranar 26 ga Nuwamba, 1883, jakadan Birtaniya a ƙasar Sin, Sir Harry Parkes, ya sa hannu a birnin Seoul a kan yarjejeniyar abota da ciniki tsakanin ƙasarsa da Koriya. Daga wannan rana ce ƙasashen biyu suke ƙirga shekarun hulɗarsu. A shekarar da ta biyo aka naɗa William George Aston ƙaramin jakada na farko, ya sayi fili a unguwar Jeong-dong, kuma a wannan fili ofishin jakadancin Birtaniya yake har yanzu, katangarsa na jingine da ta fadar Deoksugung.

Akwai abu biyu a cikin yarjejeniyar nan da muke so mai karatu ya riƙe, domin za mu dawo kansu. Na farko, an rubuta cewa idan ɗaya daga cikin ƙasashen biyu ta sami saɓani da wata ƙasa ta uku, ɗayar za ta shiga tsakani don a sasanta, in an nemi ta yi haka. Na biyu, an rubuta cewa duk talakan Birtaniya da ya yi laifi a Koriya, alƙalin Koriya ba shi da ikon yi masa shari'a, sai dai kotun ofishin jakadancin ƙasarsa. Na farkon alkawarin aboki ne. Na biyun kuwa irin sharaɗin nan ne da mai ƙarfi yake ɗora wa mara ƙarfi.

Ba a je ko'ina ba aka ga inda mai ƙarfin ya sa gaba. A watan Afrilu na 1885, Birtaniya da Rasha suna gab da gwabzawa a kan iyakar Afganistan, sai jiragen yaƙin Birtaniya suka mamaye tsibiran Geomundo, a kudu da gaɓar Koriya, don kada Rasha ta riga su. Ba a nemi iznin sarkin Koriya ba. Suka zauna har Fabrairu 1887, kuma har yanzu akwai kaburburan wasu sojojinsu na ruwa a tsibirin. Mutanen Koriya suna da karin maganar da ke cewa idan manyan kifayen teku suna faɗa, bayan jatan lande ne ke karyewa. Mu ma muna da irinta a kan giwaye da ciyawa.

Ranar da aka juya baya

Jarrabawar gaske ta zo ne a farkon ƙarni na 20. A 1902 Birtaniya ta ƙulla ƙawancen soja da Japan, duk dai saboda tsoron Rasha. A 1904 yaƙi ya ɓarke tsakanin Japan da Rasha, sojojin Japan suka cika Koriya, kowa kuma ya ga inda abin ya dosa.

A lokacin akwai wani matashi a Landan mai suna Yi Han-eung, shi ne muƙaddashin jakadan Koriya. Ya yi ta rubuta wa ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya takardu, yana roƙon a sa baki a kare 'yancin ƙasarsa, ba a biya masa bukata ba. Ranar 12 ga Mayu, 1905, ya kashe kansa a gidan jakadancin, shekarunsa ba su wuce 31 ba. Bayan wata uku, a Agusta, Birtaniya ta sabunta ƙawancenta da Japan, ta amince a rubuce cewa Japan ce ke da fifiko a kan al'amuran Koriya, Japan kuma ta amince da muradun Birtaniya a Indiya. A Nuwamba Japan ta ƙwace ikon hulɗar Koriya da ƙasashen waje, a 1910 ta haɗiye ƙasar ɗungurungum, ta mulke ta shekara 35. Alkawarin shiga tsakani da aka rubuta a 1883 bai yi wa kowa rana ba.

Mu da aka raba ƙasashenmu a taron Berlin na 1884 zuwa 1885 ba tare da an gayyaci ko mutum ɗaya daga cikin kakanninmu ba, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Da a nan labarin ya tsaya, da babu abin da za mu rubuta sai cin amana.

Baturen da ya kafa jarida

A daidai wannan lokaci ne wani mutumin Bristol mai suna Ernest Bethell ya sauka a Seoul. An haife shi a 1872, ya yi shekaru yana kasuwanci a birnin Kobe na Japan, a 1904 kuma wata jaridar Landan, Daily Chronicle, ta turo shi ya aiko mata da labaran yaƙi. Aikin bai daɗe ba suka rabu. Maimakon ya koma gida, sai ya haɗa kai da wani ɗan kishin ƙasa mai suna Yang Gi-tak, suka kafa jarida mai harshe biyu. Ɓangaren harshen Koriya suka sa masa suna Daehan Maeil Sinbo, na Turanci kuma Korea Daily News. Fitowa ta farko ranar 18 ga Yuli, 1904.

To, a nan ne sharaɗi na biyu da muka ce a riƙe ya yi wani aikin da waɗanda suka rubuta shi ba su nufa ba. Japanawa sun sa wa jaridun 'yan ƙasa takunkumi, ba a buga komai sai sun duba. Amma jaridar Bethell ta talakan Birtaniya ce, saboda haka ɗan sandan Japan ba shi da hurumin rufe ta ko kama mai ita. Sai ofishinta ya zama inuwar da marubutan Koriya suke fakewa su faɗi abin da ba ya faɗuwa a wani wuri. Jaridar ta bayyana cewa da tilas aka ƙulla yarjejeniyar Nuwamba 1905, kuma Sarki Gojong bai amince da ita ba. Ta riƙa kawo labarin mayaƙan sa-kai da ke fafatawa da sojan Japan a ƙauyuka. A 1907 ta tsaya tsayin daka a kan wani gangami da talakawa suka fara, na tara kuɗi don biyan bashin da Japan ke bin ƙasar, inda maza suka bar shan taba suka ba da kuɗin, mata suka ba da zobba da kayan adonsu. Ta zama jaridar da aka fi karantawa a ƙasar.

Da Japan ta ga ba ta iya taɓa shi, sai ta kai kuka wurin ƙawarta a Landan, ƙawar kuwa ta saurara. Gwamnatin ƙasarsa ce ta gurfanar da Bethell a gaban kotunta da ke Seoul, da farko a 1907, aka ja masa kunne, sa'an nan a Yuni 1908, aka same shi da laifin tunzura jama'a, aka yanke masa ɗaurin mako uku. Jirgin yaƙin Birtaniya ne ya kai shi kurkuku a Shanghai. Da ya fito ya sake komawa Seoul, amma jikinsa ya riga ya raunana. Ya rasu ranar 1 ga Mayu, 1909, yana da shekara 36, aka binne shi a maƙabartar baƙi ta Yanghwajin, a bakin kogin Han.

A 1910 Japanawa suka karɓe jaridar suka mai da ita kakakin gwamnatinsu, daga baya kuma suka kankare rubutun yabon da aka yi a bayan dutsen kabarinsa. A 1964 'yan jaridar Koriya suka haɗa kuɗi suka kafa wani dutse kusa da na farko, suka sake rubuta abin da aka goge. A 1968 gwamnatin Koriya ta Kudu ta ba shi lambar girma ta waɗanda suka yi wa ƙasa gwagwarmayar 'yanci. Suna kiransa da sunan da ya ɗauka a harshensu, Bae Seol. A Ingila ba kowa ya san sunansa ba, a Koriya kuwa yana cikin littattafan tarihi.

Ba shi kaɗai ba ne. Frank Schofield, likitan dabbobi haifaffen garin Rugby na Ingila wanda ya yi ƙaura zuwa Kanada, shi ya ɗauki hotunan zanga-zangar neman 'yanci ta 1 ga Maris, 1919, ya kuma kai wa duniya labarin kisan da sojan Japan suka yi a ƙauyen Jeam-ri. Da ya rasu a 1970, a maƙabartar gwarzayen ƙasa ta Seoul aka binne shi. Akwai kuma George Shaw, ɗan kasuwa a garin da yanzu ake kira Dandong, a kan iyakar Sin da Koriya, wanda ya riƙa ɓoye 'yan gwagwarmaya a kamfaninsa yana tsallakar da su a jiragensa, har Japanawa suka kama shi a 1920.

Daga Bama zuwa kogin Imjin

Duniya juyi-juyi ce. A Yaƙin Duniya na Biyu, Japan da Birtaniya, ƙawayen jiya, suka zama abokan gaba. A 1943 rundunar 'yantar da Koriya, wadda ke gudun hijira a ƙasar Sin, ta aika da wasu 'yan mutane ƙalilan zuwa Indiya da Bama su taimaki sojan Birtaniya. Da yake suna jin harshen Japan, aikinsu shi ne fassara takardun da aka kama, da yi wa fursunoni tambayoyi, da yi wa abokan gaba magana ta lasifika. Wannan shi ne yaƙin Bama ɗin da tsofaffin sojojinmu suka riƙa ba mu labari, inda rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi, cikinsu da Hausawa masu yawa daga Nijeriya da Gold Coast, kuma don tunawa da shi ne aka sa wa barikin Burma Camp na Accra suna. A ƙarshen shekarar nan ta 1943, a taron Alƙahira, Churchill da Roosevelt da Chiang Kai-shek suka bayyana cewa Koriya za ta sami 'yanci idan lokaci ya yi.

'Yancin ya zo a 1945, amma ya zo da rabuwa. Aka tsaga ƙasar biyu, Rasha a arewa, Amurka a kudu. Birtaniya ta amince da gwamnatin Kudu a Janairu 1949. Ranar 25 ga Yuni, 1950, sojan Arewa suka ƙetaro iyaka, cikin kwana uku suka kama Seoul, suka tafi da jakadan Birtaniya Vyvyan Holt, wanda bai ga gida ba sai 1953. Ƙasashe 16 ne suka aika da mayaƙa ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, daga Afirka akwai Habasha da Afirka ta Kudu. Bayan Amurka, babu wadda ta kai Birtaniya yawan soja. Na farkonsu sun sauka a Busan daga Hong Kong a ƙarshen Agusta 1950. Da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya samari ne 'yan shekara 19 da ke aikin soja na dole, wasu kuma tsofaffin sojan yaƙin Hitila ne da aka sake kira bayan sun koma cikin iyalinsu.

Gwabzawar da aka fi tunawa ita ce ta kogin Imjin, arewa da Seoul, daga 22 zuwa 25 ga Afrilu, 1951. Sojan Sin, waɗanda suka shigo yaƙin a ɓangaren Arewa, suka taso da niyyar sake kama Seoul. Birged ta 29 ta Birtaniya, mutum wajen 4,000 har da wata bataliyar Beljiyam, ita ce a kan hanyarsu, masu tahowa kuwa sun ninka ta sau da yawa. Bataliyar da ta fito daga yankin Gloucestershire, ƙarƙashin Laftanar Kanar James Carne, ita aka yi wa ƙawanya a kan wani tudu da taswirar soja ta kira Tudu na 235. Suka yi dare uku suna riƙe da wurin, har harsashi ya ƙare, batirin na'urar sadarwa ya mutu. Da aka ba su umarni kowa ya nemi hanyar fita, waɗanda suka tsira ba su kai 100 ba, sama da 500 aka kama, suka yi fiye da shekara biyu a sansanin fursuna. Amma kwanakin nan uku sun ba sauran rundunonin damar ja da baya su kafa sabon layi, Seoul kuma ba ta sake faɗuwa ba.

Aka tsagaita wuta ranar 27 ga Yuli, 1953. Sojan Birtaniya sama da 1,000 ne suka mutu. Asarar mutanen Koriya kuwa, soja da farar hula, kudu da arewa, ta miliyoyi ce, kada mu manta da wannan. Mu kuma faɗi gaskiya, gwamnatin Landan ba don soyayyar Koriya ta aika da 'ya'yanta ba, lissafin yaƙin cacar baka ne da ƙawance da Amurka. Sai dai samarin da suka kwanta a can ba su san wannan lissafi ba, jininsu kuma a ƙasar Koriya ya zuba.

Alheri danƙo ne

A Birtaniya, tsofaffin sojan nan sun daɗe suna kukan an manta da su, har ana kiran yaƙinsu yaƙin da aka manta. Mutanen Koriya ta Kudu ne ba su manta ba. A maƙabartar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Busan akwai kaburbura sama da 2,000, kusan 900 daga cikinsu na 'yan Birtaniya ne, babu ƙasar da ta kai ta yawa a wurin. Tun 1975 gwamnatin Seoul take gayyatar tsofaffin sojan ƙasashen da suka taimake ta su zo su ga abin da ƙasar ta zama. A gindin tudun nan na Imjin, a yankin Paju, an kafa dutsen tunawa tun 1957, ana taruwa a wurin duk watan Afrilu, su kuma tsofaffin sojan suka riƙa tara kuɗi suna ba ɗaliban makarantun yankin tallafin karatu. A 2020, da annobar korona ta tsananta a Ingila, hukumar garin Paju ta aika wa Gloucester da kayan kariya na ma'aikatan jinya.

Babban mutum-mutumin tunawa da yaƙin da ke Landan, a bakin kogin Thames kusa da ma'aikatar tsaro, sai a Disamba 2014 aka buɗe shi, shekara 61 bayan tsagaita wuta, kuma kyauta ce daga Koriya ta Kudu. Bill Speakman, wanda ya sami lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya a wata gwabzawa a Nuwamba 1951, ya bar wasiyya a kai shi Koriya. Ya rasu a 2018, a Fabrairu 2019 aka binne tokarsa a Busan kusa da abokan aikinsa.

Almajiri ya zama malami

Bayan yaƙi Koriya ta Kudu tana cikin ƙasashe mafiya talauci a duniya. A 1971 mai kamfanin Hyundai, Chung Ju-yung, ya tafi Landan neman rancen gina masana'antar ƙera jiragen ruwa, alhali bai taɓa ƙera babban jirgi ko ɗaya ba, abin da ke hannunsa hoton wani fili ne na rairayi a gaɓar Ulsan. Labarin da ya shahara a Koriya shi ne, da ya ga ana shakkarsa, sai ya zaro takardar kuɗi ta won 500 mai ɗauke da hoton jirgin yaƙin nan mai siffar kunkuru da kakanninsa suka ƙera tun ƙarni na 16, ya nuna wa Charles Longbottom, shugaban kamfanin A&P Appledore. Longbottom ya rubuta masa takardar shaida, bankin Barclays ya ba da rancen. Bayan shekara uku Hyundai ta ɗauko George Turnbull, tsohon babban jami'i a kamfanin British Leyland, tare da wasu injiniyoyin Ingila, suka taimaka aka ƙera mota ƙirar Pony, wadda ita ce kakar motocin da muke shiga yau.

A 2012, da ma'aikatar tsaron Birtaniya ta bukaci manyan jiragen dakon mai guda huɗu don rundunarta ta ruwa, kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu ta ba kwangilar.

Arewa fa?

Hulɗa da Koriya ta Arewa labari ne daban, amma a nan ma talakawa sun riga gwamnati. A gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 1966 a Ingila, hukumar FIFA ta ware gurbi ɗaya tak wa Afirka da Asiya da yankin Ostareliya gaba ɗaya. Ƙasashen Afirka suka ƙaurace, Ghana ta zamanin Nkrumah, wadda ke riƙe da kofin Afirka, tana kan gaba. Gurbin nan sai ya faɗa hannun Koriya ta Arewa bayan ta doke Ostareliya. Gwamnatin Birtaniya ba ta amince da wanzuwar ƙasar ba a lokacin, har sai da aka yi dabarar hana kaɗa taken ƙasashe in ban da a wasan buɗewa da na ƙarshe. Amma ma'aikatan garin Middlesbrough suka rungumi baƙin kamar nasu. Ranar 19 ga Yuli suka ci Italiya 1 da nema, Pak Doo-ik ne ya jefa ƙwallon. A zagaye na gaba suka fara cin Fotugal 3 da nema, kafin Eusebio, haifaffen Mozambik, ya zura huɗu, aka tashi 5 da 3. A 2002 'yan wasan da suka rage da rai suka sake ziyartar Middlesbrough, aka yi musu tarba ta girma.

Gwamnatocin biyu sai a Disamba 2000 suka ƙulla hulɗar jakadanci. Birtaniya ta buɗe ofishi a Pyongyang a 2001, ta janye ma'aikatanta a 2020 saboda rufe iyakokin da aka yi lokacin korona. Batun makaman nukiliya da haƙƙin ɗan Adam ya sa hulɗar ba ta taɓa yin ɗumi ba.

Zumunta a ƙafa take

A 1986 Margaret Thatcher ta zama firayim ministan Birtaniya ta farko da ta ziyarci Seoul. Kim Dae-jung, ɗan adawar da ya sha ɗauri, ya yi wasu watanni a jami'ar Cambridge a 1993 bayan ya faɗi zaɓe, da ya zama shugaban ƙasa kuma shi ya karɓi baƙuncin Sarauniya Elizabeth a Afrilu 1999. Abin da mutane suka fi riƙewa daga ziyarar ya faru ne a ƙauyen Hahoe, a yankin Andong, ranar da ta cika shekara 73. Da za ta shiga wani tsohon gida na manyan garin, sai ta tuɓe takalmanta kamar yadda al'adarsu ta tanada. Mu da muke tuɓe takalmi a ƙofar zauren manya mun san darajar wannan. Shugabannin Koriya ta Kudu uku sun kai ziyarar girma Landan, a 2004 da 2013 da 2023, ta ƙarshen ta zo daidai da cikar yarjejeniyar Parkes shekara 140. Yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen biyu kuwa ta fara aiki a farkon 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai.

A kudu maso yammacin Landan akwai unguwa mai suna New Malden, wadda in da mu ne sai mu ce zangon Koriya. Dubban mutanensu ne zaune a wurin da kantunansu da gidajen abincinsu da majami'unsu, kuma a cikinsu akwai ɗaruruwan waɗanda suka gudo daga Arewa, suna cin kasuwa ɗaya da 'yan Kudu, abin da ba ya yiwuwa a gida. Sarki Charles ya ziyarci unguwar a Nuwamba 2023. A fagen ƙwallo, yaranmu sun san Park Ji-sung, wanda ya buga wa Manchester United daga 2005 zuwa 2012, da Son Heung-min, wanda ya yi shekara goma a Tottenham, ya raba kyautar takalmin zinariya da Mohamed Salah a 2022, ya kuma ɗaga kofin Europa a matsayin kyaftin a 2025. A fagen adabi ma, wata Baturiyar Ingila, Deborah Smith, ita ta fassara littafin marubuciya Han Kang wanda ya ci kyautar Booker ta duniya a 2016, shekara takwas kafin Han Kang ta sami kyautar Nobel.

Masu karatu, darasin da muka ɗauka a nan biyu ne. Ƙaramar ƙasa da ta dogara da takardar alkawarin babba, ranar da bukatar babbar ta sauya za ta ga abin da Yi Han-eung ya gani. Koriya ta Kudu ba ta sami kujera a gaban Birtaniya ba sai da ta gina makarantunta da masana'antunta. Na biyu kuma, mutanen nan ba su ɓoye abin da aka yi musu a 1905 ba, yana nan a littattafansu, amma hakan bai hana su share kabarin Bethell da na samarin Busan ba. Mu ma a garuruwan da muke zaune akwai waɗanda suka ba kakanninmu masauki, akwai kuma tsofaffin sojan Bama da suka kwanta dama ba tare da an rubuta sunayensu a ko'ina ba. Ya kamata mu tambayi dattawanmu tun suna raye, mu rubuta abin da suka sani. Allah ya bar zumunci, ya kai mu wata mai zuwa lafiya.